Zangon da Yaya Mokhethi Ya Zaɓa

Duk wanda ya taɓa tafiya da yayana Mokhethi ya san ba don mutum yake zaɓar zango ba, don doki yake zaɓa. Kai ka kwana a kan tsakuwa, kanka a gangare, wannan kai ta shafa. Shi dai a samu ruwa mai gudu wanda tumaki ba su dagula ba, da gajerar ciyawa, da dutsen da zai tare wa Sefako iska. Sefako kilin dokinsa ne, kuma na rantse matarsa ba ta samun rabin wannan gata.

Wannan tafiyar kuwa ta rabuwa ce. Ɗansa Motlatsi ya auro 'yar mutanen Ha Sekoala, can hayin kogin Senqu. An kai shanu, an kai tumaki, saura doki, wanda shi ke cika dukiyar aure, tunda a al'adarmu doki ne makiyayin shanun aure, garke kuwa ba ya tafiya ba makiyayi. Surukan kuma tun ranar biki suka ƙyalla ido a kan Sefako, suka ce shi suke so. Sun yi kawaici har jika ya fara tafiya, sannan suka aiko da gaisuwa irin wadda ba sai an fassara ba. Motlatsi ya kai ga ba ya iya ɗaga kai a gidansu. Dole ta sa Yaya ya ɗaura sirdi, ni kuma na hau goɗiyata na bi shi, don a samu shaida.

Tafiyar da tsohuwa a kan jaki za ta gama ba gumi, muka mai da ita aikin mako. Rana na tsaka zai ce a fara neman wurin sauka. In na nuna wani fili, ya ce ramukan ɓeraye sun yi yawa, doki zai karye. In na nuna gindin tudu, ya ce karnukan makiyaya ba za su bar Sefako ya huta ba. Har wani masauki muka samu inda ake sauke baƙi masu yawon duwatsu, ga shinge, ga kwamin ruwa, ga gado mai katifa da na riga na ga kaina a kai. Ya ɗebi harawarsu ya sansana, ya ce ta yi rima. Muka wuce, ina zaginsa a ciki.

Da yammacin da ya rage mana yini guda, muka gangaro wani kwari, ciyawa kore shar har gwiwar doki. Ko yaro ya san ciyawa ba ta kai haka a kusa da gari sai in an hana kiwo. Ga ma tarin duwatsun da aka shafa wa farar ƙasa a jere, alamar mai gari ya rufe makiyayar sai lokacin sanyi. Yaya ya sauka daf da su, ya ce nan za mu kafa tanti.

Na ce, “Yaya, ba za mu je mu gai da mai gari mu nemi izini ba? Kuma waɗannan duwatsun fa, ado ne?”

Ya ce ya gaji, gobe ma rana ce. Mutumin da bai taɓa kafa ko turke a ƙasar wani ba sai ya gai da masu ita! Ya kwance wa Sefako linzami, bai sa masa dabaibayi ba, ya ɗan tura shi wajen ciyawar. Da na ga haka ni ma na saki goɗiyata, ina cewa in babba ya ce a ci, wa zai ƙi. Muka tuƙa tuwon masara, muka ƙudundune cikin barguna.

Gari na wayewa na leƙo, sai ga Sefako tsaye a bakin tanti, hancinsa a kan takalman Yaya, ko tsinke bai taɓa ba a hayin duwatsun. Tun yana ɗan duƙushi aka koya masa kwana inda mai shi yake, bai ga dalilin sakewa ba. Goɗiyata kuwa, uwar kwaɗayi, ga ta can tsakiyar makiyaya, ciki kamar tulu, mutum biyu na janye da ita zuwa garken mai gari.

Yaya ya dubi dokinsa kamar zai yi kuka, ya ce masa, “Kai dai ba ka da wayo.”

A nan na gano dawar garin. So yake a kama Sefako. Dabbar da ta shiga hannun mai gari sai an yi zama, zama kuwa sai a ɗaga shi a sake ɗagawa, shi kuma ya koma gida da hujjar da ba surukin da zai musa. Na fusata har na rasa da wane zagin zan fara, amma da na ga fuskarsa sai tausayi ya kama ni.

Mai garin mace ce, Mme Mamosa, wato Inna Mamosa, tana riƙe wa mijinta da ke aikin ma'adinai sarautar. Ta ba mu kunun dawa mai tsami, ta saurari Yaya yana ta kame-kame wai duhu ne ya hana shi ganin duwatsun. Ta tambayi inda muka nufa, na faɗa mata. Ta dubi kilin, ta dubi Yaya, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ta kira shi Ntate, wato baba, ta ce, “Ka yi sa'a ba shi ya shiga ba. Uwar yarinyar da ɗanka ya aura ƙanwar mijina ce. Da yau ɗin nan zan sa a kai musu shi, in huta da ciyar da shi.”

Ta ce goɗiya za ta zauna sai mun dawo mu yi magana. Haka na ƙarasa Ha Sekoala a ƙafa, ni da ban aurar da kowa ba.

Surukai suka karɓe mu hannu bibbiyu, aka yanka tunkiya, mata suka yi guɗa. Yaya ya zagaya garkensu, ya duba ruwa, ya murza ciyawa, ya nemi aibu bai samu ba. Ya ja uban yarinyar gefe yana gaya masa yadda Sefako ba ya son a taɓa masa kunnen hagu, tsohon yana gyaɗa kai da girmamawa.

Da safe muka yi sallama, Yaya ya saɓa sirdinsa a kafaɗa. Ba mu kai rafi ba muka ji kofato a bayanmu. Sefako ne, ya tsallake katangar dutse, yana tafe a hankali kamar kullum. Yaya ya mai da shi, ya sake biyo mu. Sai ya roƙi igiya, ya kafa turke da hannunsa, ya ɗaure shi, ya ja ƙullin ya tabbatar. Muka kama hawan tudu, haniniya na bin mu.

Bai waiwaya ba. Ya ce, “Seabata, yi mini surutu. Ko zagina ne yi, amma ka ɗaga murya.”