Rak Ɗin Jar Mota

Mai Kunne ake ce masa a layin makanikai, don ba ya taɓa mota sai ya gama sauraronta. Shekara talatin ya yi yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane, kuma in dai ƙafar mota ce, wato sitiyari da ƙarafan da ke juya tayoyin gaba, ba a ja da shi. Aibinsa guda, ya san ya iya, shi ya sa gaya masa magana sai an shirya.

Ranar Talata da hantsi autarsa ta shigo garejin da 'yar farar motarta. Malamar makaranta ce a tsallaken kogi, kullum sai ta hau babbar gada sau biyu, zuwa da dawowa.

"Baba, sitiyarin nan rawa yake yi. In na juya sai in ji ƙwas-ƙwas."

Ya ɗaga motar a jak, ya kama tayar gaba da hannu biyu ya jijjiga. Rak ɗin ne ya cinye, dogon ƙarfen nan da ke kai juyin sitiyari zuwa ga tayoyi. Robarsa ta yage, giris duk ya tsiyaye.

"Da wannan kike hawa gada? Auta, ke ko tsoro ba kya ji?"

"Tsoron me, ina da uba makanike?"

Ya harare ta, amma maganar ta yi masa daɗi.

Sabon rak na kasuwa bai yarda da shi ba, a cewarsa gwangwani ne aka shafa wa fenti, kuma ba zai ɗora 'yarsa a kan gwangwani ba. Don haka ya nufi filin matattun motoci a bayan gari, wurin wani tsoho mai sayar da kayan gwanjo. Can ƙarshen fili ya tarar da wata jar mota irin ta Auta sak. Gefen damanta ya lotse, rufin ya murƙushe, amma da ya leƙa ƙarƙashi sai ya ga rak ɗin tsaf, ko ƙwarzane babu.

"Wannan nake so," ya ce.

Tsohon bai ko matso ba. "Ɗauki fitila, ɗauki ƙofa, injin ma in kana so. Ban da ƙafa."

"Saboda me?"

"Mai ita a ciki ya mutu, hannunsa a kan sitiyari. Mu nan ba ma sayar da ƙafar irin wannan motar. Guduma muke sa mata."

"Haba, Baba tsoho. Ƙarfe ne fa."

"Ƙarfe ne. Sai dai aikin da aka sa shi na ƙarshe bai gama ba."

Mai Kunne ya danne dariyarsa. Ya ce ai shi ba ɗaurawa zai yi ba, yanka shi zai yi ya fitar da sandar ciki don ɓanɓare taya. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma tsohon ya daɗe yana kallonsa kafin ya juya baya ya bar shi ya kwance abinsa. Ko a ina motar ta yi hatsari, Mai Kunne bai tambaya ba.

Aiki kam ya yi shi yadda ya kamata. Ya ƙirga zagayen kowane kan tairod da ya kwance, wato sandar da ke haɗa rak da taya, goma sha shida dama, goma sha shida hagu, ya mayar daidai. Ya ɗaure notuna, ya ja zare ya daidaita tayoyi, ya zaga layin sau uku. Sitiyari ya yi laushi, da yatsa ɗaya ma sai ka juya shi.

Ranar Alhamis da azahar Auta ta dawo, ba fara'a.

"Baba, ko'ina lafiya lau take tafiya. Amma a tsakiyar gada sai ta ja dama. Jiya sai da na sa hannu biyu." Ta goge tafinta a jikin riga. "Yau kuma ji na yi kamar akwai wani hannu a kan nawa."

"Iskar taya ce," ya ce. Ya auna, iska daidai take. Ya ce ta jira shi, ya shiga motar shi kaɗai.

Rana tsaka ce, gada cike da motoci, ba wani abin tsoro. Ya wuce turken fitila na farko, ya wuce na biyu, har ya fara shirya tsiyar da zai yi wa Auta. Dab da na uku sitiyarin ya yi nauyi. Mai Kunne ya san yadda lalatacciyar ƙafa ke ja, a hankali take ja, kuma ko'ina. Wannan jira ya yi, sannan ya fizga dama da ƙarfin ƙato. Ya danne da ƙirjinsa, ya taka burki, madubin gefe ya daki ƙarfen gada ya tarwatse. Da motar ta tsaya ya ga ƙarfen da ya daka sabo ne, ko fenti ba a yi masa ba, an yi waldarsa tsakanin tsofaffi biyu. Ta ƙasa kogi na wucewa abinsa.

Da ƙyar ya lallaɓo gareji. Ya ce wa Auta ta hau tasi kwana biyu, akwai ɗan gyaran da ya rage. Bai iya kallon idonta ba.

Bayan ta tafi ya ɗaga motar a jak, ya kashe inji, ya sa makulli a aljihu. Yana zaɓen sifana ya ji ƙara a bayansa, siririya, irin ta roba. Tayoyin gaba biyu, a sama suke ba sa taɓa ƙasa, suna juyawa dama a hankali, har suka kai maƙura suka tsaya. Ya sa hannu ya miƙar da su. Ya ja da baya. Suka sake juyawa dama.

Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya fara riƙe sifana. Ya kwance rak ɗin. Inji da zafi, komai na ƙarƙashin motar da zafi, rak ɗin kuwa sanyi ƙalau kamar an tsamo shi daga ruwa. Ya ja shi zuwa tarin ƙarafan da ke bayan layin ya wurgar, ya ce gobe da safe zai sa masa guduma, yau kam ba zai iya sake taɓa shi ba. Daga nan ya wuce kasuwa neman gwangwanin da ya raina.

Da sassafe ya zo da babbar guduma. Rak ba ya nan. Ya birkita tarin, ya leƙa kwata, babu.

Gajere, makaniken da ke maƙwabtaka da shi, ya leƙo yana goge hannu da tsumma. A layin nan duk abin da ya sauka kan tarin ya zama na wanda ya tsinta, Mai Kunne ya fi kowa sani.

"Wai kai ka zubar da wannan lafiyayyen rak? Lallai ka ƙoshi! Ai tun jiya da yamma na ɗaura shi."

"A wace mota?"

"Shuɗiyar tasin nan mai jigilar malaman tsallake. Ɗazun nan ya wuce, har autarka na gani a gaba, ta ɗago min hannu."

Gudumar ta faɗi a kan ƙafarsa bai ji ba. Ya lalubo waya ya kira Auta, yatsunsa na zamewa da giris. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau uku.

"Baba, ina kwana?"

"Auta, kuna ina?"

"Yanzu muka hau gada. Lafiya?"

"Ce masa ya tsaya! Ya tsaya nan inda yake, ku fito!"

"A kan gada? Baba, ai ba a tsayawa a..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta bayan muryarta ya jiyo direban, ba da ihu ba, cikin mamaki kawai, yana cewa, "Malama, ke ce kika riƙe min sitiyari?"