Silifas ɗin Baba Prayun

Ƙwallon gashin tsuntsun ya faɗo a gaban ƙafar Naushad, ya tsaya yana kallonsa kamar ba shi aka bugo wa ba.

"Nau! Barci kake yi ko addu'a?" Yaya Tik ya ƙwala masa daga bayan raga. "Ko kakata da ta kai ga wannan!"

Aka kwashe da dariya. Naushad ma ya yi. Ya daɗe da gane cewa a ɗakin badmintin ɗin nan, wanda ake tsokana shi ne wanda aka karɓa.

Daga Sri Lanka ya zo garin Chanthaburi, yana tantance duwatsu masu daraja a shagon wani. Matarsa da 'ya'yansa suna can gida. Kafin ya fara zuwa nan ranar Lahadi, yakan wuni ya kwana bai yi magana da kowa ba sai masu ciniki. Bai iya wasan ba, kuma ba wasan ne ya kawo shi ba. Mutane yake nema.

Dokar wurin ɗaya ce. In ka shigo, ka cire takalmin waje a bakin ƙofa, ka jera raket ɗinka, wato abin buga ƙwallon, a kan katakon da ke jikin bango. Huɗun da ke gaba su ne za su shiga fili. Ba a ƙirga mutum, raket ake ƙirgawa. Idan katakon ya zama wayam, mai gadi ya san an watse, sai ya ja ƙofa ya sa kwaɗo. Tagogi kuwa kullum a rufe suke, fanka babu, don kada iska ta karkatar da ƙwallo.

Raket ɗin da ke hannun Naushad na Baba Prayun ne, mahaifin Yaya Tik. Tsohon shi ya kafa ƙungiyar tun Tik yana rarrafe. Yanzu ƙwaƙwalwa ta bar shi. Tik da ƙanwarsa Pum sun mai da shi kaya, kowa yana neman ranar da zai sauke wa ɗan'uwansa. Lahadi ta faɗa kan Tik, shi kuwa ba zai fasa wasa don uba ba. Sai ya zo da shi, ya zaunar da shi a benci can ƙurya, bayan koren labulen da ke tare hasken rana, ya ajiye masa gorar ruwa.

"Karɓi wannan, ƙanena," Tik ya ce ranar da ya miƙa wa Naushad raket ɗin. "Baba ya gama da shi."

A gaban tsohon ya faɗa.

Wani lokaci in Naushad ya je shan ruwa, Baba Prayun yakan ƙura wa hannunsa ido.

"Yaro, sassauta riƙon. Ba wuƙa ba ce." Sai ya leƙa wajen katakon. "Layina bai zo ba?"

"Saura kaɗan, Baba."

Abin da kowa yake ce masa ke nan. Mutumin da ba shi da raket a kan katako ba shi da layi, amma ba wanda zai faɗa masa. Nan ba a faɗa wa babba magana mara daɗi. Murmushi ake yi masa a wuce.

* * *

Wata Lahadi ce cikin watan Afrilu, lokacin da rufin kwano yake ɗaukar zafi tun hantsi. Da rana ta take aka tashi. Kowa ya zare raket ɗinsa, ana goge gumi, ana musun wanda ya ci da maguɗi.

Anti Jum, wadda ke haɗa 'yan wasa, ta dafa kafaɗar Naushad.

"Yau da kai za a ci abinci. Kar ka ce mini komai. Saboda kai muka zaɓi wurin da ba a dafa alade, har bakin kogi za mu je."

Tun da ya fara zuwa ba a taɓa gayyatarsa ba. Kullum yana tsaye yake ganin motocinsu suna fita a jere. Ya haɗa tafukansa a ƙirji ya yi godiya.

A bakin ƙofa ya durƙusa yana ɗaura igiyar takalmi. Takalma duk sun ƙare, saura silifas ɗaya, shuɗi, wanda dunduniya ta cinye bayansa. Ya san mai shi.

"Yaya Tik," ya ce a hankali. "Baba fa?"

Tik yana danna waya, bai ɗago ba. "Pum ta ce za ta biyo ta ɗauke shi. Ta zo ta tafi, ina jin. Shiga mota, kai, kifin zai ƙare."

Naushad ya sake duban silifas ɗin. Tsoho ba ya tafiya ba takalmi a kan kwalta mai zafi haka. Labulen yana can ƙarshen ɗakin, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Amma in ya koma ya ɗaga shi, ya ce wa Tik maƙaryaci ke nan a gaban jama'arsa, ya nuna shi ɗan da ya manta ubansa. Baƙon da ya kunyata babba a ranar da aka fara kiransa cin abinci, ba za a zage shi ba. Murmushi za a yi masa, daga nan raket ɗinsa ya riƙa daɗewa a kan katako.

Wataƙila Pum ta kawo masa wani takalmin, ya ce a ransa.

Mai gadi ya leƙa, ya ga katako wayam, ya ja ƙofa. Naushad ya ji ƙarar kwaɗon yana cikin mota.

An ci gasasshen kifi da kwaɗon ɗanyar gwanda. Anti Jum ta yi ta tura masa loma a faranti.

"Ci, Nau! Ka yi ƙiba ko ka tare rabin fili, tunda gudu ya gagare ka."

Ya ci. Bai ji ɗanɗanon komai ba, har barkonon.

* * *

Da yamma mai gadi ya buɗe wa wata ƙungiya, ya sami Baba Prayun babu rai. Ba a bakin ƙofa yake ba. Bai buga ba, bai nemi fita ba. Yana zaune a ƙasa, ya jingina da bango a gindin katakon, inda masu jiran layi suke tsayawa. Gorar ruwan tana can kan benci, ba a buɗe ta ba.

A gidan bauta, kafin a ƙona gawar bisa al'adarsu, 'yan ƙungiya sun zo cikin baƙaƙen kaya. Pum ta ce ita Lahadi mai zuwa take nufi. Tik ya ce bai ji haka ba. A hankali suka faɗa, ba wanda ya ɗaga murya. Anti Jum ta ce tsufa ne, lokaci ya yi, kowa ya gyaɗa kai. Ba wanda ya tambaya ko wane ne ya fita ƙarshe.

Tik ya riƙe hannun Naushad da hannu biyu.

"Na gode da ka zo. Yanzu kai namu ne. Baba yana sonka, ka sani?"

Naushad ya nemi wani abu a ƙirjinsa, kuka ko tsoro, bai samu ba. Ya ce, "Allah ya ba da haƙuri."

* * *

Bayan mako biyu aka koma wasa. An naɗe koren labulen, an matsar da bencin don a ajiye jakunkuna.

Naushad ya cire takalminsa a bakin ƙofa. Silifas ɗin yana nan, tsintsiyar mai gadi ta tura shi kwana, ƙafa ɗaya a kife, ƙura ta hau shi. Ya ajiye nasa takalmin nesa da shi, ya shiga, ya jera raket ɗin a kan katako. Tef ɗin mariƙin ya lotsa daidai yatsun wani, ba nasa ba.

Bai daɗe da zama ba Anti Jum ta ɗaga raket ɗin sama.

"Na wane ne wannan? Layinsa ya zo!"

Naushad ya miƙe.