Tabawa da Ruwan da Ba Ya Wari

Zafin azahar ne ya kwantar da Tabawa a bencin bayan asibiti, gyangyaɗi ya sace ta da tsumman goge-goge a hannu. Shekara goma sha tara tana wanke ɗakunan nan da maganin da warinsa ke hawa kai, rana tsaka aka kawo wata na'ura mai sa wa ruwan gishiri lantarki, wai shi zai kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan da ko warin kirki ba ya yi! Sau biyu Sista Lantana tana kama ta tana ɗiga tsohon maganin a bokiti, ta ce na uku sallama ce.

Sai ta ga baranda ta zama kogi, gadaje na yawo a kai. Wani kwaɗo cikin farar rigar likita, fatarsa duk ta saɓule, ya tare ta.

"Iya, ni maƙwabcinki ne na kwata. Duk abin da kika zubar, a bakina yake ƙarewa."

"To ni na aike ka zaman kwata?"

Kwaɗon ya ja ta wata kasuwa da babu kowa sai hanci, hanci zalla, a jere kan tabarmi suna shinshinar ƙasa suna ihu: "Ba a goge ba!"

Takaici ya ishi Tabawa. "Ka ji ko? Alƙalaina ke nan. In ba su ji wari ba, ni ce ƙazama."

Walƙiya ta faɗo kan wani tulin gishiri, ya narke ya malalo har ƙafarta. "Ni in na gama aiki, ruwa nake komawa," in ji gishirin. "Ba na barin shaida."

"Ai dole. Kai ba ka da sunan da za a ɓata."

Ta sunkuya za ta ɗebe shi, hannayenta suka cire kansu, suka koma gefe suka zauna da tsage-tsagensu, suka ce su kam sun gaji.

"Tabawa! Ɗakin mata!"

Ta farka firgigit da jin muryar Sista Lantana. Da sabon ruwan zalla ta goge ɗakin, tana tsaki, har ƙasan gadaje. Wata tsohuwa mai ciwon ƙirji ta ja numfashi mai tsawo, da ba ta ji warin magani ba ta kamo hannun Tabawa.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan, da ba ki goge ba yau."