Warin da Inna Ta Sani

Auta ya yi furfura a bakin tafkunan dagwalon masana'antar fata, amma ba wanda ya taɓa jin ya yi ƙorafin wari. Masu ƙorafin suna gida. Aikinsa shi ne lura da ruwan da masana'anta ke zubarwa: ya kwashe kumfa, ya duba injinan da ke motsa ruwan, ya buɗe wannan famfo ya rufe wancan. Ruwan kuwa warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi, irin wanda ke shiga zaren tufa ya yi zamansa. Matarsa ta gwada duk sabulun da ke kasuwa, daga baya ta sallama wa Allah. A motar haya ma bai taɓa rasa wurin zama ba, don yana shiga ake matsa masa da sauri.

Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida take. Idonta ya daɗe da tafiya, kunnen ma sai an ɗaga murya, tunanin kuma ya fara zuwa yana komawa. Jikoki kam ta daina wahalar da kanta wajen bambance su. Amma da Auta ya sako ƙafa tsakar gida za ta ɗago kai. Ɗakinta yake fara shiga kafin ya yi wanka, ya zauna bakin gado yana matsa mata ƙafafu. Kowa ya ce zuciyar uwa ce, shi kuma ba ƙaramin cika baki ya yi wa yayyensa a kan haka ba.

Da masana'anta ta gaji da koken maƙwabta sai ta kawo injiniya, wata mace gajera mai saurin magana. Ta sa aka rufe tafkunan, aka kafa ƙatuwar fanka mai zuƙo iskar da ke ciki ta tura ta cikin bututu. Bututun ya tafi ƙarƙashin wani gini kamar ɗaki marar rufi, wanda aka cika da ɓawon itace da taki. Auta ya zagaya ginin, ya leƙa, ya kasa yin shiru.

"Injiniya, yanzu da taki za a maganta wari?"

"Akwai ƙananan halittu a ciki, baba, ido ba ya ganinsu," in ji ta. "Warin nan shi ne abincinsu. Iska ta shiga ta ƙasa da ɗoyinta, kafin ta fito ta sama sun cinye. Kai dai kada ka bari su bushe, kada kuma ka cika musu ruwa su shaƙe."

"Wato kiwo aka ba ni da tsufana."

Kiwon ya yi kuwa, da zuciya ɗaya. Kullum da safe zai cusa hannu cikin ɓawon ya damƙo, ya matse ya ji laimarsa, sannan ya kunna famfon yayyafi ko ya kashe. Har magana yake yi musu, kamar mai lallashin awaki. Cikin 'yan makonni iskar wurin ta koma ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan sama. Maƙwabta suka buɗe tagogi. Matarsa ta haɗa kayansa da nata a wanki ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka ɗaura musu aure. A mota kuma ya fara tsayuwa kamar kowa, yana ta mita cewa mutane sun daina ganin girman manya.

Ran nan ya shiga ɗakin Inna, ya zauna inda ya saba, ya kai hannu ƙafarta. Sai ta janye, ta ja mayafi ta rufe.

"Wane ne?"

"Ni ne, Inna. Auta ne."

"Bawan Allah, masu gidan suna ciki," ta ce cikin ladabi. "Ka yi sallama za su fito."

Ya yi dariya, ya ɗauka rikicin rana ɗaya ne. Washegari haka aka yi, jibi ma haka. Ya ɗaga murya har maƙwabta suna ji, ya kama hannunta ya ɗora a gemunsa, ta zare hannun a hankali don kada ta kunyata baƙo. Abin da ya fi ci masa rai shi ne abin da yake jiyowa bayan ya fita, tana tambayar matarsa, "'Yar nan, Auta bai dawo ba? Ko na yi masa wani laifi ne?" Ta rage cin abinci, ta koma zama tana fuskantar ƙofa. Ga shi a gidan, ga uwarsa tana kewarsa, ya rasa ta inda zai isa gare ta. Namiji ne mai jikoki, amma sai da ya ɓuya a bayan gida ya yi kuka.

Matarsa ce ta gano bakin zaren, tana cikin shanya. Ta tsaya da rigarsa a hannu, ta kira shi.

"Baban yara, zo ka sunsuna wannan."

Ya sunsuna. "Ba na jin komai."

"To shi ne. Inna ba ganinka take yi ba, muryarka ma rabinta take ji. Da me kake tsammani take gane ka?"

Auta ya nemi kujera ya zauna. "Wato duk shekarun nan da nake cika wa yayyena baki..."

"Ɗoyi ne, ranka ya daɗe," ta ce, tana dariya idonta na kawo ruwa.

Da safe ya tafi aiki da tsohuwar riga a ƙarƙashin hammata. A jikin bututun, kafin iskar ta kai ga ɓawon, akwai wani ɗan murfi da injiniya ke buɗewa in za ta auna iska. Yana cikin kwance shi ta hango shi, ta taho da gudu tana faɗa.

"Baba, ka gaji da duniya ne? Iskar cikin nan a tattare take, shaƙa ɗaya za ta kayar da kai!"

Ya sunkuyar da kai ya gaya mata abin da ke faruwa a gida. Ta juya ta shiga ofis, ta fito da abin rufe hanci da safar hannu, ta ce ya matsa can nesa. Da kanta ta cusa rigar a bakin kafar, ta riƙe na ɗan lokaci, ta zaro ta ƙulle a leda.

"Na ƙare ƙuruciyata ina karatun raba mutane da warin nan, yau ga ni ina turara shi a riga," ta ce. "Ka bari ta sha iska kafin ka sa. Kuma duk sanda warin ya saki, ni za ka kawo wa, ba ruwanka da murfin nan."

Da yamma, a ƙofar gida, ya kwance ledar ya kaɗe rigar, ya ɗora ta a kan ta jikinsa. Matarsa ta toshe hanci da hannu ɗaya, ta tura shi da ɗayan. Bai kai ga labule ba Inna ta ɗago kai.

"Auta?"

"Na'am, Inna."

"Ina ka shiga duk kwanakin nan, ko leƙe?"

"Aiki ne ya riƙe ni. Ki yafe mini."

Ta miƙo masa ƙafafun da kanta. Yana matsawa, ta laluba ta kama hannun rigar ta riƙe gam, ta rage murya.

"Akwai wani mutum da ke ta shigo mini da ba ka nan. Mai kirki ne, ban ce ba, har ƙafa yake so ya matsa mini. In ka gan shi ka yi masa godiya, amma ka gaya masa ni ina da ɗa."