Wankan Mista Holroyd

Kullum da safe Desmond Holroyd yakan tsaya a bayan labule ya kalli matar nan mai shuɗiyar riga tana shiga gidan maƙwabcinsa, Clive Barraclough. Ƙaramar hukuma ce ke turo ta. Ta yi wa Clive wanka, ta sa masa safa, ta haɗa masa karin kumallo. Clive ɗin da har gobe yake takawa da ƙafarsa zuwa mashaya ranar Asabar.

Shi kuwa Desmond, tun da ƙugunsa ya lalace bai ƙara iya ɗaga ƙafa ya shiga baho ba. Matarsa Maureen ce ke riƙe shi, ita kuma ta rasu. Yanzu da tsumma yake goge jiki a gaban famfon kicin.

Da aka sa masa ranar da jami'ar hukuma za ta zo ta duba ko ya cancanci mai kula da shi, sai ya yi abin da duk ɗan mutunci a layin nan zai yi wa baƙo. Ya share falo yana cije leɓe. Ya yi aski, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya fito da kofunan Maureen na alfarma.

"Bari in taimaka maka da tiren shayin, Mista Holroyd," in ji jami'ar.

"Zauna abinki, 'yata. Ban mutu ba tukuna."

Ta yi masa bayanin ƙa'ida: sai mutum ya kasa aƙalla biyu daga cikin hidimomin yau da kullum, kamar girki, sa tufafi, tsaftar gida da wanka. Tana faɗa tana duban falon, da kwat ɗin, da shayin.

"To wanka fa? Kana iya shiga baho?"

Taga a buɗe take. Ta bayan shinge Desmond ya hango hular Clive, wai yana duba furanninsa.

"Kowace safiya," in ji Desmond, da ƙarfi.

Ba a yi mako ba aka buga masa waya. An yaba da ƙoƙarinsa, amma bai cancanta ba.

Clive ya tare shi a bakin kwandon shara, gashinsa a jiƙe, yana ƙamshin sabulu.

"Kowace safiya, ko? Tsoho, bango ɗaya muke da kai. Bututun bahonka bai yi ƙara ba tun jana'izar Maureen."

"Ashe kunnenka ƙalau yake. Hukuma ta sani?"

"Ranar da suka zo wurina, a rigar barci suka same ni. Ranar da ta fi muni ake faɗa musu, ba ranar sa kwat ɗin coci ba. Ka sake kiransu. In kana so in zauna kusa da kai in ba da shaida."

Desmond ya dubi jiƙaƙƙen gashin nan. A ransa ya ga kansa zaune a falo, Clive yana gaya wa baƙuwa yadda yake wari.

"Na gode. Ka riƙe shaidarka."

Washegari, da ya ji matar mai shuɗiyar riga ta rufe ƙofar Clive, ya ja jiki ya hau bene a hankali. Ya buɗe famfon baho har ƙarshe, bututu ya ɗauki ƙara a cikin bango. Ya zauna a kan murfin masai da kayansa a jiki, yana kallon ruwan zafi yana tafiya ta magudana.