Ranar Fito da Kan Kaka

Baffa Anatol ya ce duk ƙasar Bamileke babu wanda ya saba da mutuwa kamarsa. A tsakar gida ya faɗa, yana tsaye cikin farar kwat, mu kuma muna zaune muna naɗe alale a ganyen ayaba.

Ya daɗe a Faransa, can ya koyi tara kayan matattu. Agogon yashi, zoben da aka saƙa gashin mamaci a ciki, wani akwatin gawa da bai fi tafin hannu ba, sai ƙoƙunan kai da ya ce sun cika masa falo. Ya nuna mana hotunansu a waya, kowanne da sunansa da tarihinsa. Ni karatuna rabinsa a jaridun ƙunshe kifi na yi shi, amma ko a cikinsu ban taɓa ganin inda aka shimfiɗa wa ƙashi karan-miski ba.

"Ku tsoron mutuwa kuke yi," in ji shi. "Ni da ita muke karya kumallo. Kullum da safe sai na ɗauki ƙoƙon kai ɗaya, na leƙa ramin idonsa, na tuna ni ba kowa ba ne."

"Ashe kana tunawa," in ji yayarsa, Gwaggo Mekem. "Ka iya ɓoyewa, ƙanena."

Abin da ya dawo da shi, lokacin fito da kan Kaka ne ya yi. Kaka ya jima a ƙasa, kuma kafin ya rasu ya ambaci Baffa Anatol a matsayin magajinsa. Magaji ne ke sauka kabari ya ɗauko kan da hannunsa, ya kai shi ɗakin kakanni, ya shafa masa manja da gishiri. In ya kasa, kujerar gida ta koma ga ƙanensa, Baffa Dongmo mai gyaran babur.

Ranar kuwa gida ya cika. Aka yanka awaki, bammi ya zagaya, masu ganga suka fara tun kafin a biya su da abinci. Tsofaffi suna ta rawa har bakin kabari suna kiran Kaka ya tashi ya shigo gida, sanyin waje ya isa haka.

Da aka gama tono, Baffa Anatol ya zaro farar safar hannu ya sa.

"Cire," in ji Gwaggo. "Da ka yi masa fitsari a cinya, safa ya sa?"

Ya cire. Ya yi jawabi da Faransanci a kan ƙarewar duniya, muka tafa saboda ya tsaya. Sannan ya sauka.

Kaka na nan kwance abinsa, ya yi ja kamar tukunyar ƙasa, wata 'yar saiwa ta bi ta kunnensa. Har giɓin da yake yin fito da shi yana nan.

"Baba, barka da hutawa," in ji Gwaggo. "Ka rame."

Mutane suka kwashe da dariya. Baffa Anatol bai yi ba. Ya miƙa hannu, ya janye. Ya sake miƙawa, sai ya sosa gwiwa.

"Wannan," ya ce, muryarsa ta sirance, "ba a goge shi ba."

"Ai kai ne mai gogewar, Yaya," in ji Baffa Dongmo daga sama. Ya riga ya fara naɗe ƙafar wando.

"Kada ka sauko. Nazarinsa nake yi. Ni da na ɗauki irinsa ba adadi."

Matar Baffa Anatol, Madam Odil, tana zaune a gefe tana fama da haƙarƙarin akuya. Ta tsotse yatsa tukuna.

"Maigida, fito haka nan kada ka faɗi a kansa," ta ce. "Ƙoƙunan falonmu duk da farar ƙasa aka zuba su, ni nake manne su in sun fashe. Mutumin nan ko kifi zan dafa masa, sai na cire kan na ɓoye."