Tantin Farautar Talo-talo

Mubarik ya rarrafa cikin tanti na uku a tsakiyar falon Tomas, ya zauna a kan diddigensa, ya leƙo ta 'yar tagar raga kamar wanda ya saba. Tun da safe ya baro Manchester a bas ya zo Ladywood, don a duk Ingila wannan Bature mai sayar da tsoffin kayan farauta ne kaɗai ya ga yana tallar irin tantin da maharban Amurka ke ɓuya a ciki.

"Wannan ba ya ƙara in iska ta kaɗa," in ji Tomas da Turanci. "Wancan kuma ya fi sauƙin ɗauka. Me za ka farauta?"

"Talo-talo."

Tomas ya dube shi. "A ƙasar nan? Ai babu na daji."

"Nawa ya zama na daji," in ji Mubarik a taƙaice.

Gaskiyarsa ne. Shekara shida ya yi a layi kafin ya samu 'yar gona a filin lambuna na Gorton, inda yake shuka yakuwa da alayyafo, inda kuma ake kiransa da sunansa, ba lambar da ke ƙirjinsa a wurin aiki ba. Sai ya ga gona ba ta cika ba sai da talo-talo. Ya sayo ƙarami ya raina. Tsuntsun ya girma, ya ɓalle, ya bi kabejin maƙwabta yana yi masa aski. Madam Virtue, shugabar kwamitin lambunan, ta rubuto masa takarda: ranar Lahadi da sha biyun rana ya bayyana gaban kwamiti da tsuntsun a hannu, ko ya ajiye mabuɗi.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, Sherifatu, a bidiyo.

"Maigida, ina ka shiga haka duhu?"

"Ina zaɓen kayan aiki. Duba, taga takwas, launin ganye, ga wurin mutum biyu."

"Mutum biyu? Kai da talo-talon ne za ku zauna? Na ce maka ka kaɗa masa kwanon abinci zai zo. Seriously, kai ka raine shi fa."

"Mata ba su san farauta ba."

"Haka ne. Kai kuma a unguwar Nima ta Accra ka koye ta, a bayan kiosk ɗin Hajiya."

Ya kashe wayar. Maganar ta sosa masa inda ke ciwo. Mahaifinsa ne maharbi, can arewacin Ghana, shi kuwa a Accra ya tashi, kuma babbar dabbar da ya taɓa kashewa ɓera ne. Amma ya gaji kan burtu na tsohon, wanda maharba ke ɗaurawa a goshi su yi rarrafe har dabba ta ɗauka tsuntsu ne. Da wannan kai da kuma baki mai daɗi ya yi shekaru yana ba mutanen masallacin Moss Side labarin ɓaunayen da ya kayar. Ɗan maharbi ba ya kaɗa kwano kamar mai kiran kaji. Ya ɗauki mai taga takwas.

Lahadi da hantsi ya kafa tantin cikin ƙaya, jikin shingen jirgin ƙasa. Ya shafe fuska da gawayi, ya ɗaura kan burtu, ko da yake a cikin tanti babu mai ganinsa, ya riƙe tarun kifi, ya yi tsit. Talo-talon ya fito yana taƙama, ya je bakin gonar Mubarik inda ya saba karɓar abinci, ya tsaya yana waige-waige. Bai ga kowa ba. Ya juya ya nufi kabejin Madam Virtue. Ƙafar Mubarik ta yi sanyi, hanci na masa ƙaiƙayi, amma ya daure, don maharbi haƙuri ne jarinsa.

Sha biyu saura kaɗan kwamiti ya iso. Mutum uku ne, kuma na ukun Malam Zulkarnaini, wanda ke zama kusa da Mubarik a sahun gaba a masallaci, wanda ya fi kowa jin labarin ɓauna. Madam Virtue ta ga tsuntsun, ta ciro ledar biskit daga jakarta, ta kaɗa sau biyu. Talo-talon ya taho da gudu, ta sunkuya ta rungume shi kamar jariri.

"To, ga mai laifi," in ji ta. "Ina mai shi? Ya fito kawai ya karɓa, mu rufe maganar."

Taku biyar ne tsakaninsu da tantin. Mubarik ya kai hannu ga zif. Sai ya tuna da gawayin da ke fuskarsa, da dogon bakin burtu a goshinsa, da tarun kifi, da yadda labarin zai riga shi isa masallaci. Kunya ta danne shi.

"A ba shi five minutes," in ji Zulkarnaini. "Babban maharbi ne. Wataƙila yana bin sawu."

Suka tsaya. Mubarik yana kallonsu ta raga, yana kallon yakuwarsa da ta yi kore shar, saura mako guda a yanka. Ransa yana ce masa tashi, amma ya janye hannunsa daga zif ɗin.

"Ko zuwa bai yi ba," in ji Madam Virtue, ta rubuta wani abu a takarda. "Gobe a kira na gaba a layi."

Sai da ƙofar ƙarfe ta rufu a bayansu ya fito da rarrafe. Ya tsaya a tsakiyar gonar, ya ciro mabuɗin daga aljihu, ya rataye shi a ƙusar rumfa yadda sabon mai gona ba zai sha wahalar nema ba.